Samba ko Nextcloud: wanne ya dace da sabar gida mai aiki da sola?

Malam, ka ce kana da tsohuwar kwamfuta da ka sa wa Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, a shagonka na hoto da fotokofi a wani ƙauye kusa da Ringim. Kana so ta zama ma'ajiya: aikin shago, hotunan iyali, takardun gonaki, da lissafin ƙungiyar manoman da kake wa sakatare. Tambayarka ita ce Samba ko Nextcloud, da kuma yadda za ka hana yaran shago leƙa abin da ba ruwansu.

Samba tsohon hannu ne, tun 1992 Andrew Tridgell ya fito da shi a Ostareliya. Aikinsa guda: ya sa folda ta bayyana a kwamfutar Windows kamar a cikinta take. Ba ya cin ƙarfin na'ura, kuma izinin da yake bayarwa a fayil ɗaya ake rubuta shi, smb.conf. A valid users ka jera waɗanda za su shiga, a write list waɗanda za su iya canji, sauran sai dai su duba da ido. Tarkonsa shi ne ƙofa biyu gare shi: izinin Samba da izinin Linux. Samba zai iya cewa "shigo", Linux ya ce "ban san ka ba". Ni kaina na taɓa kaiwa sallar isha'i ina fama da wata folda, ashe mallakarta na bari a hannun root, babban asusun da ke iko da na'urar. Ka buɗe rukuni uku, shago, gida da ƙungiya, ka danƙa kowace folda ga rukuninta da umarnin chgrp, ka sa mata chmod 770 don mai ita da 'yan rukuninta kaɗai su shiga, magana ta ƙare.

Nextcloud kuwa, manhajar ajiya da raba fayil da kake girkawa a sabarka, na baya-bayan nan ne, a 2016 Frank Karlitschek ya kafa shi a Jamus bayan ya bar ownCloud. Ya fi daɗin hannu, wannan ba musu. Yana da manhajar Android, hotunan waya na hawa da kansu da zarar an shiga wayfai ɗin gida, rabon folda kuma danne-danne ne kawai. Yana da kwandon shara, yana ajiye tsofaffin kwafin fayil, don haka in yaro ya goge hotunan biki za ka dawo da su. A Samba sai ka kunna recycle, wato nasa kwandon sharar, da hannunka, in ba haka ba abin da aka goge ya tafi. Amma Nextcloud jaki ne mai kaya da yawa: PHP, rumbun bayanai irin MariaDB, ga sabuntawa a kai a kai, kowacce da kuɗin datarta. Rumbun bayanai kuma ba ya shiri da mutuwar wuta ba sallama, kai kuwa ka ce batirin solarka ba ya kai asuba da damina.

A kan haka, ni Samba zan zaɓa maka.

Sai batun kulle bayanai, inda mutane ke ruɗewa. Izini na mutanen gida ne. Ɓarawon da ya fasa shago ya cire faifan ajiyar, ya jona shi a wata kwamfuta, ba ruwansa da valid users, komai a buɗe zai gan shi. Maganinsa LUKS, wanda ke sirranta faifan gaba ɗaya. Sai dai kariyarsa ta lokacin da na'ura ke kashe ce. Tana kunne kuma an buɗe, izini ne kaɗai mai gadi. Nextcloud ma yana da nasa kullen na cikin saba, amma makullin a na'urar yake zama, tamkar ka rufe rumbu ka rataye makulli a jikinsa.

In ka kulle dukkan na'urar da LUKS, duk sanda wuta ta mutu sai wani ya zo ya buga kalmar sirri kafin ta tashi. Ranar da ka tafi kasuwar Maigatari, shago ya tsaya ke nan, ko kuma ka faɗa wa yaro kalmar ta waya, an koma gidan jiya. Gara ka raba: faifan Ubuntu da foldar shago a buɗe, su tashi da kansu, takardun gonaki da lissafin ƙungiya a faifai na biyu mai LUKS, wanda kai ke buɗewa in buƙata ta taso.

Kalmar nan in ta ɓata, babu mai gyaran da zai ceto ka, ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ne. LUKS na karɓar kalma fiye da ɗaya, to ka yi wa shugaban ƙungiya tasa daban, taka kuma ka rubuta a takarda ka jefa cikin adaka tare da takardun gida.

Kada ka buɗe tashar 445, wadda Samba ke amfani da ita, a rauta don ka riƙa shiga daga nesa, kuma ka bar SMB1, tsohon tsarin raba fayil, a kashe, ta wannan kafar bairos ɗin WannaCry ya yi ɓarna a kwamfutocin Windows a 2017. Sannan ka samu faifan waje, shi ma mai LUKS, duk Juma'a ka kwafe komai ka kai shi gidan yayanka, domin ƙurar hunturu da zafin bazara sun fi ɓarawo yawan kashe faifai a wajenmu.