Askar Speedball da robar sassaƙa: hatimin ganyen da muka yi a kakar bana

Shekara huɗu ke nan ina zaune a birnin Minneapolis na Amurka, amma har yau watan Oktoba bai daina ba ni mamaki ba. A gida in an ce kaka, dammunan gero ne ke zo mini a rai, da ƙamshin sabuwar gyaɗa. A nan kuwa itatuwa ne ke rikiɗa, wannan ja zur, wancan ruwan ɗorawa, kafin ka ankara sun kakkaɓe. Autata ba ta dawowa daga makaranta sai da ganye cike da aljihu. Mu jera su a kan tebur, bayan kwana uku sun naɗe sun bushe, kana taɓawa su marmashe. Kukan da ta yi ranar da na share su ne ya kai ni shagon kayan zane, don mu yi hatimin ganye wanda ba zai marmashe ba.

Abu biyu na sayo, duka na kamfanin Speedball: askar sassaƙa mai jar ƙota, da wata roba mai ruwan hoda da suke kira Speedy-Carve, inci 4 a faɗi, 6 a tsawo. Ban kashe dala 30 ba.

Askar tana zuwa da baki biyar, masu lamba 1, 2, 3, 5 da 6. Biyun farko bakinsu tsini ne kamar harafin V, na 3 da na 5 kamar U suke, don kwashe fili, na 6 kuma 'yar wuƙa ce ta yanke gefe. Ƙotar rami gare ta, ana zuba bakunan a ciki a rufe. Duk mai ƙananan yara a gida ya san amfanin wannan. Ba na kwana da zullumin an bar reza a ƙasa.

Amma robar ce ta sace zuciyata. Da na ɗora baki mai lamba 1 na tura, sai na ji kamar ina yankan sabulun wanka. Ba turjiya, ba sai ka danna da ƙarfi ba. Wani siririn zare ne ke fitowa yana lanƙwashewa a gaban askar kamar taliya, ya bar layi tsaf a bayansa. Ina yarinya na sha tsayawa kallon masu zanen ƙwarya a kasuwa, yadda suke juya ƙwaryar a cinya, hannun da ke riƙe da wuƙa kusan bai motsa ba. Ashe nan ma haka ne. Idan ka zo kwanar ganye, robar za ka juya, ka bar askar ta bi hanyarta. Sai da na gane wannan gefen ganyena ya daina fitowa kamar wanda ɓera ya gaigaya.

Ga yadda muke yi. Mu ɗora ganyen mefil (maple), wata itaciya ta nan, a kan takarda, mu bi gefensa da fensir mai taushi, mu zana jijiyoyinsa, mu kifa takardar a kan robar, mu goge bayanta da cokali. Zanen sai ya hau raɗau. Jijiyoyin nake fara cirewa da lamba 1, sannan in zagaye ganyen da lamba 2, in kwashe sauran da lamba 5. Duk inda ka sassaƙe fari zai fito, inda ka bari shi zai ɗauki tawada. Rubutu kuma dole a juye yake a jikin hatimi. Babbar 'yata ta zana sunanta kai tsaye ba ta bi ta takarda ba, da ta buga ya fito ta baya. Allah ya taimaka robar na da kauri, muka juya ɗaya fuskar ta sake.

Kada taushin ya ruɗe ku ku miƙa wa ƙaramin yaro. Bakunan nan kaifi gare su sosai. Mai shekara 12 na bari ta sassaƙa, ina zaune kusa da ita, da sharaɗin hannun da ke dafe robar ya kasance a bayan askar kullum. Mai shekara 6 aikinta shafa tawada da bugawa, kuma ya ishe ta murna.

Inda na yi asara wajen tawada ne. Na fara sayen wata mai arha a wani shagon unguwa, muka buga a kan farin ƙyallen tebur, wanki ɗaya ta koɗe. Ya yi mini ciwo, don yaran sun ɓata yini guda a kansa. Daga baya na samo tawadar da aka yi musamman don yadi, na bar ƙyallen ya sha iska mako guda kafin ya ga ruwa. Yanzu wanki uku, jan yana nan.

Da ganyen waje ya ƙare, guntun roba ya rage mini kamar tafin hannu. Na zauna bayan sallar isha'i na zana ganyen kuka da ka, yatsu biyar daga tsinke ɗaya, yadda na san shi a bayan gidanmu. Na buga shi kore a gefen wani mayafi, na ɗaga wa Hajiyarmu a waya ban ce komai ba. Ta matso da fuskarta, ta ƙura ido.

"Ke, wannan ai kuka ce. A can ma akwai ta?"

Na ce babu, Hajiya, ni na sassaƙa.

Ta ce to in buga mata a kan zane biyu in ba mai zuwa gida ya taho da su, ɗaya nata, ɗaya na Inna. Na riga na sayo roba mafi girma. Darbejiya nake so in gwada a gefen na Inna, in haƙoran ganyen sun yarda.