Gargaɗi: Mai sayar da takardar 'yan sanda "marar mutuwa" yana yawo a ƙauyukanmu

Assalamu alaikum. Na yi wannan rubutu ne saboda mutanen Ringim, Taura, Garki da duk ƙauyukan da ke cin kasuwar Gujungu, musamman iyayen da 'ya'yansu suka ƙwallafa rai a kan fita waje neman aiki. Akwai wani mutum da ke bin ƙauyuka a mota mai baƙin gilashi, yana karɓar kuɗi da sunan zai yi wa samari takardar shaidar 'yan sanda, wadda yaran ke ce wa kiliyarans, wato takardar da ke nuna ko an taɓa samun mutum da laifi ko ba a taɓa ba. Ba zan kama suna ba. Ko na kama ma ba zai amfane ku ba, don sunan da ya ba mu daban ne da wanda ya bayar a garin da ke gabanmu. Ku dai riƙe yadda yake tafiyar da aikinsa.

Ni ɗan shago gare ni na buga takardu da fotokwafi, ina kuma cike wa ɗalibai fom a intanet. A nan abin ya faɗo hannuna. Wata Litinin ɗan yayata ya shigo da ambulan yana ta washe baki, ya ce, "Kawu, a yi mini kwafi biyu masu kala, amma don Allah kada ta yamutse." Takarda ce mai kauri, an manne ta da leda, ga tambarin 'yan sanda, ga hotonsa, ga jan hatimi a ƙasa. Na yi masa. Kwafi ɗaya ya fito da duhu, sai na jefa shi cikin kwalin da nake tara lalatattun takardu. Bayan kwana biyu wani yaro daga unguwar gabas ya kawo irinta. Ina ɗora ta a kan na'ura idona ya kai ga lambar da ke samanta, sai na ji kamar na taɓa ganinta. Na tono waccan lalatacciyar na jera su a kan tebur. Lamba ɗaya ce sak. Kwanan wata ɗaya. Har wani ɗan ɗigon tawada da ya fantsama kusa da sa hannu yana nan a duka biyun, a wuri ɗaya. Suna da hoto kawai aka canza. Kafin Juma'a na ga ta uku.

Na kira yaron na zaunar da shi. Na ce, "Kai, ina ka je aka ɗauki yatsunka?"

Ya ce, "Ai nan gindin dalbejiya aka yi mana, Kawu. Da ɗan akwatin tawada ya zo, irin na zaɓe, kowa ya dangwala babban yatsa a farar takarda."

Su 14 suka dangwala a ranar, kowa naira dubu 85, ta POS, zuwa wani asusu mai sunan mace. Yayata akuyarta ta sayar a Gujungu, ta cika da kuɗin adashi. Ban sani ba sai da aka gama, domin mutumin ya ja musu kunne cewa kada su yi surutu, kujerun aikin wajen kaɗan ne, in magana ta bazu 'yan birni za su kwashe.

Abin da ya sa suka sakar masa jiki shi ne maganar wa'adi. Ce musu ya yi takardar shekara 5 take yi, kowace ƙasa kuma karɓarta take, kuma duk wanda ya riga ya mallake ta shi za a fara ɗauka ranar da aka buɗe aikin kula da tsofaffi a Ingila ko aikin gona a Kanada. Wato ka saya ka ajiye kamar buhun gero, ranar buƙata ka ɗauko. To da na bi sawu zuwa garin da ya fara shiga kafin damina, sai na tarar ya riga ya koma musu bayan kaka. Ya ce doka ta canza, takardunsu sun mutu, sai kowa ya kawo dubu 40 a sabunta. Wadda ya rantse ba ta mutuwa, shi da bakinsa ya dawo ya yi mata jana'iza. Kuma wasu sun biya, don wanda ya riga ya zuba dubu 85 ba ya son a ce ta tafi a banza.

Ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne abin da nake so kowa ya gane ko da bai karanta sauran ba. Tsufan wannan takarda ba mai bayarwa ke yanke shi ba, balle ejan. Ƙasar da za ka miƙa wa ita ce ke cewa ga iya kwanakin da za ta karɓa, kuma kowace da nata lissafin.

Kanada, wadda sunanta ya fi yawo a bakin samarinmu, tana cikin masu tsanani a nan. Takardar ƙasar da kake zaune a ciki kada ta wuce wata 6 da fitowa a ranar da ka miƙa takardun nemanka. Ka ga ke nan wanda ya yi ta a watan Janairu, bai miƙa ba sai Satumba, ko ta gaskiya ce ta tashi aiki. Masu neman zama ta tsarin da ake kira Express Entry, in aka gayyace su kwana 60 ake ba su su haɗa komai, don haka mai hankali da wannan ranar yake auna lokacin da zai je wurin 'yan sanda. Ostireliya wata 12 take karɓa daga ranar da aka fitar. Amurka, ga masu neman bizar zama, shekara 2 ce, a da ma shekara 1 ce, kuma duk wanda ya kai shekara 16 sai ya kawo tasa. Ita kuwa Ingila ba kowane mai neman aiki take tambaya ba, ta fi nemanta a wurin masu aikin lafiya, koyarwa da kula da jama'a. A duk waɗannan ina ka ga shekara 5? Wanda bai san ƙasar da za shi ba, bai san irin bizar da yake nema ba, bai san ranar miƙawa ba, ya tashi ya yi takarda, ya riga malam masallaci ne kawai. Mai zuwa Umara ma ba a tambayarsa ita, na faɗi haka ne don na ji ya karɓi kuɗin wata dattijuwa da wannan sunan.

Akwai kuma abin da ya fi shafarmu mu mutanen nan yankin, wanda ko kusa bai gaya musu ba. Takardar Najeriya zamanka na Najeriya kaɗai take shaida. Mu kuwa gida nawa ne babu wanda ya yi ci-rani a Libiya, ko ya yi shekaru a Saudiyya, ko ya zauna a Damagaram ko Agadas? Kanada tana son takarda daga duk ƙasar da ka yi wata 6 a jere a cikinta tun da ka cika shekara 18. Ingila da Ostireliya suna duba ƙasar da ka yi wata 12 ko fiye a cikin shekara 10 da suka wuce. Amurka ma wata 12 ne ga ƙasar da ka taɓa zama, sai dai in an taɓa kama ka a wani wuri, to ko kwana nawa ka yi can sai ka kawo tasu. Sauƙin da ke ciki ɗaya ne: takardar ƙasar da ka baro, in bayan barowarka aka fitar da ita kuma ba ka koma zama ba, Kanada da Amurka ba sa lissafa mata wancan wa'adin.

Ɗaya daga cikin yaran ya yi shekara 2 a Sabha ta Libiya yana aikin gini. Da ya tambayi ejan ɗin, amsar da ya samu ita ce, "Wa zai sani? Kada ka rubuta." Wannan shawara ta fi satar kuɗin muni. Kuɗi ana sake nemowa. Amma wanda aka kama ya miƙa takardar jabu ko ya ɓoye gaskiya, Kanada kan rufe masa ƙofa shekara 5, Ingila har shekara 10, Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada. Kuma ba ruwansu da cewa wani ne ya cike maka fom, sunanka ne a jiki, kai ka sa hannu. Ranar da za a tsare ka da tambaya a ofishin jakadanci, mai baƙin gilashi yana can wata kasuwa yana dangwala wa wasu.

Su ma kujerun da yake tallatawa ungulu da kan zabo ne. Ingila ta daina ɗaukar sababbin masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje tun 22 ga Yuli, 2025. Cacar bizar Amurka kuwa, wadda yake cewa zai saka mutane a ciki kyauta in sun sayi takardarsa, an cire haifaffun Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015. Na ji a wajen Babura da Maigatari har cewa yake a rubuta an haifi mutum a Nijar. Fasfonka ya ce Jigawa, lambar NIN ɗinka ta ce Jigawa, fom ya ce Nijar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan ma ko rami bai kai ba.

Ta gaskiyar ba a ɓoye take ba. Rundunar 'yan sanda tana da shafin intanet mai suna POSSAP, a can ake nema. Da bayananka na kanka ake shiga, shafin ne zai nuna maka kuɗin ya fitar maka da lambar biya, ba a tura wa asusun wani mutum ko matarsa. Sannan sai ka kai ƙafarka inda 'yan sanda suka ware a ɗauki zanen yatsunka, domin da yatsun ake duba rajistar masu laifi ta ƙasa, wadda cibiyarta ke Alagbon a Legas. Takardar da aka yi ba tare da an duba komai ba, me take shaida? Akwai ƙasashen da kuma sai an kai takardar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja an buga mata hatimi kafin su karɓa, shi ya sa abin ya ba ni dariya da takaici da na ga ya manne tasa da leda. A kan leda za a buga hatimin? Ina zaton ledar don kada a shafa a ji tawadar firinta ce ya sa ta. Wanda ke shakka, mota ɗaya ce zuwa hedikwatar 'yan sanda a Dutse, mutanen Kano kuma ga Bompai nan. Ka je ka yi tambaya, kuɗin motar bai kai ko kusa da dubu 85 ba.

Ba na ganin laifin yaran sosai. Yaro ya gama sakandare shekara 4, yana zaune, taki ya fi ƙarfin ubansa, sai ga mutum da babbar riga da ƙamshin turare yana nuna masa hotunan biza a waya. Mutumin kuma ya san ta kan tsiya: ba ya fara tarar samari sai ya gaida manya, ya yi sallar azahar a sahun gaba, ya saya wa dattawa goro. Inda na fi jin ciwo shi ne mu da muka ɗan yi boko, muna gari ɗaya, amma ba wanda ya zo ya tambaye mu. Wataƙila mu ma da namu laifin, don mun saba gwasale su in sun kawo zancen fita waje.

Ranar da na kai wa yayata labari tana tankaɗen gari a tsakar gida. Na jera mata takardun uku a kan tabarma, na nuna mata lambar da yatsa, don ba ta karatun boko amma tana gane lamba. Ta daɗe tana kallo, rariya a hannu. Sai ta ce, "To ko kuskure suka yi a ofis?" Na ce, "Yaya, kuskure sau uku, har da ɗigon tawada?" Ba ta ce komai ba. Ta sa yaron ya kira lambar mutumin a gabanmu, a kashe. Ya kira ta biyun, wata mata ta ɗauka ta ce ba ta san shi ba.

Zuwa yanzu takardu 9 na gani masu lamba ɗaya. Duk wanda ya san an yi masa, ko an yi wa ɗansa, kada ya ƙona takardar don kunya, kada kuma ya kuskura ya miƙa ta a ko'ina. Ku adana ta, ku adana rasit ɗin POS, da saƙon banki, da duk muryar da ya turo ta WhatsApp. Sunan asusun da kuɗin ya shiga shi ne bakin zaren, da shi 'yan sanda ko EFCC za su iya bin sawu. In kuma ya sake ɓullowa da zancen sabuntawa, kada a taɓa shi, kada a ɗauki doka a hannu, a riƙe shi da hira a aika wa mai unguwa. Mun yi magana da mai gari, ya ce Lahadi mai zuwa bayan an taso daga kasuwa, bayan la'asar, kowa ya zo ƙofar gidansa da takardarsa, a rubuta sunaye a kai ƙorafi gaba ɗaya. Mutanen garuruwan da ke kusa ma su zo da nasu. Yayata ta ce ita za ta riƙo ta ɗanta da kanta, don har yanzu tana cikin akwatinta, a ƙarƙashin zannuwan fita unguwa.