Yaya, ga amsar batun haƙoran Baba daga Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Baba da Inna da yara duka.

Na ji saƙonka cewa in sayo wa Baba haƙoran roba in aiko, tunda an ce na nan sun fi ƙarko. Da a kanti ake ɗaukarsu, da tuni na danƙa wa mai zuwa Kano. Sai dai kowane baki da nasa awon, dole a gwada mutum yana zaune a kujerar likita. Bari in ba ka labarin nawa, don ni ma na sa su.

A 2024 haƙorana biyu na sama suka fara girgiɗi, likita ta ce sai an cire. Mako biyu kafin ranar, ta cika wani ɗan faranti da abu mai sanyi kamar ƙullun ƙosai, ta danna mini a dasashi, na riƙe kamar minti biyu har ya daskare ya ɗauki siffar bakina. Ta kuma jera haƙoran gwaji kusa da nawa tana neman launin da ya dace, don kada sababbin su fito fari fat a tsakiyar tsofaffi. Ranar da aka cire, jini bai gama tsayawa ba aka ɗora mini na robar. Na fito titi babu giɓi, kuma wallahi wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali, don aikina na magana da jama'a ne.

Kuɗin ba wasa. A tsarin lafiyar gwamnati na NHS, aikin haƙori a Ingila mataki uku ne. A shekarar, duba baki fam 26.80 ne, ciko ko cirewa fam 73.50, haƙoran roba kuwa suna mataki na uku, fam 319.10, har da cirewar a ciki. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 da masu juna biyu ba sa biya. Ka lissafa da canjin yau ka gani.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wanda likitar ta nanata mini: waɗannan na wucin gadi ne. Bayan cire haƙori dasashi yana motsewa, ƙashin ƙarƙashinsa yana raguwa, musamman a wata uku zuwa shida na farko. Nawa da suka zauna daram, kafin wata huɗu sun fara rawa in ina cin tuwo, har suka goge mini dasashi ya yi gyambo. Na koma aka ƙara musu roba ta ciki suka sake kamawa. Sai da bakin ya gama warkewa aka yi mini na dindindin masu ƙashin ƙarfe, da sabon biya.

A ganina robar nan da ta gida duk ɗaya ce. Inda suka fi mu shi ne bibiya: a ba ka ranar dawowa, a duba, a kankare inda yake cizo. Wannan kuma ana iya samunsa a gida in an je wurin da ya dace. Ka kai Baba sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ka gaya musu yana da ciwon suga, don miki yakan jima bai warke ba. Don Allah kada a kai shi wurin masu liƙa haƙori a kasuwa. Suna manne robar a jikin haƙoran gefe, abinci ya taru a ƙasa ba hanyar wankewa, a wayi gari masu lafiyar ma sun ruɓe.

In an sa masa, ya riƙa cirewa in zai kwanta, ya jiƙa a kofin ruwa mai sanyi, don ruwan zafi yana lanƙwasa su. Ya wanke da sabulu da buroshi mai laushi, a kan kwano mai ruwa saboda in suka faɗi a siminti za su tsage. Goro da kilishi ya haƙura tukuna.

Zan turo kuɗin aikin ƙarshen wata, da ƙwayoyin Steradent na jiƙa haƙoran roba da ɗan akwatin ajiya. Ka sanar da ni abin da likita ya ce. A gaishe da Inna.