Sharhi Kan Littafin Mounce Na Koyon Helenancin Sabon Alkawari

Ga wanda ke son karanta Sabon Alkawari a harshen da aka fara rubuta shi, wato Helenancin Koine da ya bazu a gabashin Bahar Rum bayan yaƙe-yaƙen Iskandari Mai Girma, littafin da na yi amfani da shi kuma nake ba da shawara a kansa shi ne Basics of Biblical Greek na William Mounce. Kamfanin Zondervan ya fara buga shi a 1993, bugu na huɗu kuma ya fito a 2019, tare da littafin aikin jinga da ake saye daban.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda littafin ke raba ɗalibi da baƙaƙen boko tun da wuri. Baƙaƙen Helenanci 24 ne kacal, amma wasunsu suna yaudarar idon da ya saba da boko, domin ρ kamar p yake alhali r ne, ν kuma kamar v alhali n ne, shi ya sa sabon shiga ke son a riƙa rubuta masa kowace kalma da boko. Littafin yana koyar da wannan hanya, ya nuna cewa η ana rubuta shi ē, ω kuma ō, da cewa γγ ana karanta shi ng kamar a angelos, mala'ika, sannan ya ci gaba da ainihin baƙaƙen. Hikimar hakan ta bayyana gare ni sa'ad da na haɗu da ἡμέρα da ἡμέρᾳ. Duka biyun "rana" ne, kuma sau da yawa hēmera ake rubuta su da boko, amma ɗan ƙaramin wasalin da ke maƙale a ƙarƙashin ta biyun shi ke nuna cewa ma'anarta "a ranar" ce. Wanda ya dogara ga boko ba zai ma ga wasalin ba, balle ya tambayi aikinsa.

Tsarin nahawun yana bukatar haƙuri, domin sai an gama da sunaye da sifofi da wakilan suna kafin a shiga aikatau a babi na 15. A ganina jinkirin yana da dalili, saboda a Helenanci ɗafa-ƙeyar suna ce ke bayyana mai aiki da wanda aikin ya faɗa wa, kuma duk wanda ya taɓa karatun i'irabi a nahawun Larabci zai gane wannan nan take. Maimakon a haddace jadawali barkatai, marubucin ya tattara sauye-sauyen sunaye cikin ƙa'idoji 8, ya kuma taƙaita haddar kalmomi ga waɗanda suka fito sau 50 ko fiye, kimanin 320, waɗanda su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da mai karatu zai riƙa cin karo da shi.

A babin aikatau, Bahaushe yana da wata dama da bai kamata ya raina ba. Helenanci ya damu ƙwarai da ko ana kallon aiki a dunƙule ko yana cikin gudana, bambancin da muke yi kullum tsakanin "ya rubuta" da "yana rubutawa". Sai dai littafin da Turanci yake, kuma da nahawun Turanci yake kwatanta komai, don haka wanda Turancinsa bai nuna ba zai bukaci malami a kusa, musamman wajen jinsi na uku, wanda ba namiji ba kuma ba mace ba, da Hausa ba ta da shi.

Lafazin da ake koyarwa shi ne wanda ake jingina wa Erasmus, masanin ƙasar Holland da ya yi rubutu a kan batun a 1528, ba na mutanen Girka na yau ba. Na gamsu da shi a matakin farko, domin a lafazin zamani ἡμῶν, "namu", da ὑμῶν, "naku", sauti ɗaya gare su, a nan kuwa kunne yana rarrabe su. Wanda zai saya ya haɗa da littafin aikin jinga, domin a cikinsa ne ake fassara ayoyin Sabon Alkawari tun daga babukan farko.