Littafi a kan ɓarnar talabijin: wanne ya cancanci kuɗinka?

Idan kuɗin littafi ɗaya ke aljihunka, kuma kana son labarin da ya hango yadda akwatin talabijin zai cinye gida, ka sayi Fahrenheit 451 na Ray Bradbury. Sauran da masu sayarwa kan miƙo wa mai wannan tambaya guda uku ne, duk na Turanci, duk ƙagaggun labarai na wata duniya da ta lalace.

Akwai 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949. Littafi ne mai kyau, amma talabijin ɗin cikinsa idon hukuma ne, shi ke kallon mutum. Wannan na mai nazarin mulkin kama-karya ne. Brave New World na Aldous Huxley ya fito a 1932, kafin talabijin ya shiga gidaje, Turancinsa na da nauyi, kuma akwai wuraren da ba zan so ɗan sakandare ya karanta ba. The Hunger Games na Suzanne Collins, 2008, yara 24 ke kashe juna a gaban kyamara, sai dai shi ma nishaɗin ya fi yawa a cikinsa.

Shi kuwa Bradbury, a 1953 ya fitar da nasa, ya kuma shiga har cikin falo. Guy Montag ma'aikacin kashe gobara ne a zamanin da aikinsu ya koma ƙona littattafai. Amma ni matarsa Mildred ce ta tsaya mini a rai. Bango uku na falonta duk allon talabijin ne, kuma ta matsa masa a sa na huɗu, dala 2,000, kashi ɗaya cikin uku na albashinsa na shekara. Mutanen cikin shirin take kira danginta. Da dare ta toshe kunnuwanta da wasu 'yan na'urori masu zuba mata surutu har barci ya ɗauke ta. Ta shanye kwalbar maganin barci, aka ceto ta, gari ya waye ba ta san an yi ba. Mijinta ya tambaye ta inda suka fara haɗuwa, ta kasa tunawa, kuma ko a jikinta.

Duk wanda ya shiga gidajenmu na Katsina bayan sallar isha'i ya san wannan falon. An sa sola, an kafa dish, uwa da 'ya'ya sun zuba wa fassarar Indiya ido, baƙo ya yi sallama sau biyu kafin a amsa. Kaka tana gefe da tatsuniyoyinta, ba mai cewa "ta zo mu ji ta". A garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani wannan abin damuwa ne. Shugaban Montag, Kyaftin Beatty, ya faɗa masa cewa ba hukuma ce ta fara ba, jama'a ne suka ajiye karatu da kansu, doka daga baya ta zo. Bradbury ma ya jaddada a 2007 cewa littafinsa a kan yadda talabijin ke kashe sha'awar karatu yake. Ga shi gajere, a ƙarshen mako ɗaya ka gama.

To amma wanne kwafi? Nan ne ake cutar mutane, kuma an cuce ni. Wani mai shago ya sayar mini da kwafi a naɗe cikin leda, bango sai sheƙi. Na kai wajen da ake farautar Montag kai tsaye a talabijin, inda hukuma ta rasa shi ta kashe wani bawan Allah mai yawon shan iska don kada 'yan kallo su gaji da jira, sai na tarar an maimaita wasu shafukan baya, na gaba babu su. Na mayar, ya ce, "Malam, ai ka riga ka fasa leda."

Saboda haka kada ka biya kafin a fasa ledar a gabanka. Bi lambobin shafi tun daga farko har ƙarshe, musamman kashi na uku, domin littafin kashi uku ne. Ɗaga takarda ɗaya ka haska ta da rana: idan rubutun baya yana fitowa ta gaba, ko baƙaƙen sun yi dishi-dishi kamar an yi hoto a shagon kwafi, na jabu ne. Buɗe shi a tsakiya ka ɗan danna, gam ɗin bogi nan take yake ƙara, kuma zafin Katsina ba zai bar shi ya yi wata biyu ba. Akwai kuma masu miƙo maka ɗan siririn littafin sharhi na 'yan jarrabawa, ko wanda aka sauƙaƙa wa masu koyon Turanci, su ce shi ne. Karanta bangon da kyau.

Masu son gwanjo su ƙara lura. Daga 1967 kamfanin da ya buga shi ya fitar da wani bugu da aka tace, aka taɓa wurare kusan 75 ba da sanin marubucin ba, sai a 1980 aka dawo da cikakkensa. Tsohon kwafi na tsakanin shekarun nan yana iya zama tatacce. Nemi wanda ke da ɗan jawabin Bradbury mai suna Coda a ƙarshe.

Idan kuma ta WhatsApp ko Facebook za ka saya a saka maka a mota daga Kano ko Legas, ka ce a yi maka bidiyo ana buɗe shafukan ainihin kwafin da za a aiko, ba hoton bango ba. Ka ba da rabin kuɗi, ragowar sai ka karɓa a tasha ka duba.