Tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda: jinya a gida ko allurar hutu?

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba da lada. Kin ce kyanwarki ta kai shekara 15, ta rame, tana yawan amai, kwana biyu ke nan ba ta kusanci kwanonta ba. Likitan dabbobi ya auna jini ya ce ƙoda ce, mataki na huɗu, ya ajiye miki zaɓi biyu: ko ki ci gaba da jinyarta a gida, ko a yi mata allurar da za ta tafi cikin barci. Kina tambaya wanne ya fi, kuma in kin zaɓi allurar, shin akwai alhaki a kanki.

Kada ki yanke hukunci a kan takardar gwajin nan ita kaɗai. Likitoci suna rarraba ciwon ƙoda na kyanwa mataki huɗu bisa ma'aunin IRIS, ƙungiyar masana ciwon ƙodar dabbobi ta duniya, suna duba wani datti da ke taruwa a jini mai suna kiriyatinin. Daga 2.9 zuwa 5.0 (a awon mg/dL) mataki na uku ne, in ya haura 5.0 an shiga na huɗu. Amma ma'aunin nan an yi shi ne don kyanwar da jikinta ke da ruwa. Wadda ta kwana biyu tana amai ba ta ci ba ta sha, jininta ya yi kauri, lambar za ta yi sama fiye da ainihin lalacewar ƙodar. Sau da yawa in aka yi mata ƙarin ruwa ta jijiya na kwana biyu ko uku aka sake awo, sai a ga ta sauko mataki na uku. Bambancin ba ƙarami ba ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 kan kyanwa 211 ya nuna rabin waɗanda ke mataki na uku sun wuce kwana 778 a raye, su kuwa na mataki na huɗu rabinsu ba su wuce kwana 103 ba. Ki roƙi likitan ya duba fitsari kuma, domin ƙwayar cuta a mafitsara ko dutse a hanyar fitsari kan jefa tsohuwar ƙoda cikin rikici, kuma waɗannan suna da magani. In ƙaramin asibitin ba shi da kayan awo, asibitocin koyarwa na likitan dabbobi irin na ABU Zariya, na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri su ne wurin nema.

To, mu ce an yi duk wannan, lambar ta ƙi sauka.

Jinyar gida ba ta warkar da ƙoda. Ƙodar kamar rariya ce da ramukanta suka toshe ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin awon jini ya fara nuna matsala, kusan kashi uku cikin huɗu sun riga sun tafi, ba sa dawowa. Wankin ƙoda da dashen ƙoda na kyanwa akwai su, amma a 'yan asibitoci ƙalilan a ƙasashe irin su Amurka, da kuɗin da ba na faɗa ba. Abin da jinya ke saya shi ne kwanakin da babu tashin zuciya, babu ƙishirwa. Ita kuwa allurar ba ta sayen ko rana ɗaya. Abin da take yi shi ne yanke makonnin ƙarshe, waɗanda su ne mafi muni.

Ga yadda jinyar take a zahiri, don ki auna ko za ki iya. Ginshiƙinta ƙarin ruwa ne ta ƙarƙashin fata. Za ki rataye ledar ruwan asibitin a ƙusa ko a saman ƙofa, bayan kin ɗumama ta a cikin roba mai ruwan ɗumi, saboda ruwa mai sanyi shi ke sa kyanwa zabura. Ki zaunar da ita a cinyarki bisa tawul, ki tsinko fatar da ke tsakanin kafaɗunta ta tashi, ki soka allurar a gindin wurin da ya tashi, ki buɗe. Cikin minti biyar zuwa goma kimanin mililita 100 ya shiga, wani ƙulli mai taushi ya taso a bayanta, daga baya ya gangaro ta gefen ƙirji ko ƙafar gaba, jiki ya shanye shi cikin 'yan sa'o'i. Wasu kullum ake yi musu, wasu bayan kwana biyu ko uku. Likita ne zai tsara, kuma sai ya saurari zuciyarta tukuna, domin mai ciwon zuciya ruwan kan taru mata a huhu. Ranar farko hannun kowa yana rawa. Yawancin kyanwoyi suna sabawa, musamman in ana ba su abin lasa a lokacin. Akwai kuma wadda ba ta sabawa har abada: da ta ga leda sai ta shige ƙarƙashin gado, ta daina zuwa wurinki gaba ɗaya. Irin wannan, a ganina, jinyar ta zama wata azaba a kan azaba.

Sai magunguna. Akwai Cerenia na hana amai, mirtazafin na buɗe ciki, wanda har akwai na shafawa a cikin kunne, da maganin da ake barbaɗawa a abinci ya ɗaure sinadarin fosfaras a hanji. In akwai hawan jini ana ba da amlodifin, kuma kada a yi wasa da wannan: hawan jinin mai ciwon ƙoda yana iya makantar da ita dare ɗaya. Abincin musamman na Hill's ko Royal Canin na masu ƙoda yana ƙara kwana, amma yana da tsada, samunsa sai an yi oda, kuma kyanwar da ke jin tashin zuciya takan ƙi shi. A mataki na huɗu ni ba na faɗa da kyanwa a kan wannan. Gara ta ci dafaffiyar kaza marar gishiri da ta zauna da yunwa a gaban abinci mai tsada, domin kyanwar da ta jera kwanaki ba ta ci ba, kitse kan cika mata hanta, a samu ciwo na biyu. Romon gida dai a'a, saboda albasa da tafarnuwa suna fasa mata jini.

Wani abu kuma da nake roƙon kowa da shi: kada tausayi ya sa a ɓalla mata Panadol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Ibufurofen da dikilofenak kuwa ragowar ƙodar suke ƙarasawa.

Idan aka bar ciwon ya kai ƙarshensa da kansa, mutane suna zaton za ta kwanta ne kawai a wayi gari ta tafi. Yana faruwa, amma ba shi ne galibi ba. Dattin da ƙoda ta kasa fitarwa yana cin baki da ciki: gyambo a harshe da dasashi, wari mai kama da fitsari a numfashi, dalalar miyau, zama a gaban kwanon ruwa kai a sunkuye ba ta iya sha. Ƙafafun baya su saki, ta yi fitsari a inda take kwance, kyanwar da duk rayuwarta ba ta yarda da ƙazanta ba. Wasu a ƙarshe har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Wannan yana iya ɗaukar kwanaki.

Allurar kuwa ga yadda take. Likita yakan fara da ta kwantar da hankali a ƙarƙashin fata ko a tsoka, cikin 'yan mintuna jikinta ya saki a hannunki. Sannan ya aske gashi kaɗan a ƙafar gaba, ya ba da fentobabital ta jijiya, maganin barci ne da aka ninka adadinsa. Hankali ke fara gushewa, sai numfashi, sai zuciya, cikin minti ɗaya ko biyu. Idanunta za su zauna a buɗe, tana iya sakin fitsari, wani lokaci ƙirji ya ja numfashi sau ɗaya bayan ta riga ta tafi. Na faɗa miki ne don kada ki gani ki ɗauka tana jin zafi. Ba ta ji. Ta ɓangaren kuɗi, wannan biya ɗaya ne, jinya kuwa kuɗin ruwa da allurai da awo ne wata bayan wata. Babu abin kunya a sa aljihu cikin lissafi, musamman a gidan da ake neman kuɗin makarantar yara. Illar allurar guda ɗaya ce, kuma babba: ba a dawowa daga gare ta. Shi ya sa na dage a kan awo na biyu.

Maganar alhaki, ni ba malami ba ne, amma ga abin da ke rubuce. Malamai sun saɓa a kan kashe dabbar da ba a ci don a hutar da ita. Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana. Malikiyya, wadda ita muka tashi a kanta, ta halatta: a Muhtasar, Shehu Halilu ya ambaci halaccin yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani daga gare ta. Sharaɗin ke nan, ɗebe tsammani, ba gajiya da ɗawainiya ba. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka. Don haka ko kin yi jinya ko kin zaɓi allura, kina da malaman da kika jingina da su, kuma in zuciyarki ba ta natsu ba ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin likitan yadda yake. Abin da ban san wanda ya halatta ba shi ne hanya ta uku, wadda ita ce aka fi bi: a rufe ta a bayan gida ba magani ba kulawa a ce an bar wa Allah, ko a sa ta a buhu a ba yara su yar a bola, ko a zuba mata shinkafar ɓera ko fiya-fiya. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Buhari da Muslim, kowa ya san shi. Mutuwar guba kuwa ta fi ta ƙodar muni.

Da ni ce, ga abin da zan yi. In bayan ƙarin ruwa da maganin amai ta fara lasar abinci da kanta, zan ɗauki jinya, amma da wa'adi da kalanda. Mako biyu. Kowace yamma a sa alama: ranar kirki ko ranar wahala. Kada ki dogara da ƙwaƙwalwa, domin safiya ɗaya da ta yi miki kuka a ƙafa tana sa ki manta kwana huɗu da ta yi a kwance. Wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni mai abu bakwai: ciwo, ci, sha, tsafta, walwala, motsi, da ko ranakun kirki sun rinjayi na wahala. Kowanne maki goma, in jimilla ta haura 35 ana ganin rayuwar tana da sauran daɗi. Na ciwon shi ne mai wuyar ganewa, saboda kyanwa ba ta raki, ɓoyewa take yi, kuma gurnaninta ba hujjar lafiya ba ce, mai jin zafi ma tana yi. Fuska ake dubawa. Masu bincike a jami'ar Montireyal ta Kanada sun fitar da ma'aunin wannan a 2019: kunnuwa sun baje gefe, idanu a tsuke, baki ya ɗaure, gashin baki ya miƙe gaba, kai ya sauka ƙasa da kafaɗa.

Amma in an yi ƙarin ruwan, an ba da maganin amai da na buɗe ciki, ta sake jera kwana biyu ko uku tana kau da kai daga duk abin da kika miƙa, ko gyambon baki ya bayyana, ko ta kasa tashi, ko ta yi jijjiga ko sau ɗaya, to ba zan jira wa'adin ya cika ba. A nan jinya ta daina yi mata amfani, mu take yi wa, don mu jinkirta baƙin cikinmu.

In ta kai ga haka, ki tambayi likitan ko zai zo gida, don a huta da wahalar hanya, kuma ki nace a fara da allurar kwantar da hankali, domin jijiyar wadda ta bushe tana da wuyar samu. Ki gaya wa yaran gaskiya gwargwadon shekarunsu, kada a ce musu ta ɓata su yi ta nema. Wajen binnewa a naɗe ta a tsumma, a yi rami mai zurfi, kamar mita ɗaya, a danne da duwatsu, nesa da rijiya. Maganin yana daɗewa a gawar, kuma yana kashe kare ko ungulun da ya tono ya ci.