Faifan Blue Heelers: John Wood ya biya ni, zango na 11 ya ɓata min rai

Duk wanda yake son ganin yadda ake fitowa a ɗan sanda ba tare da ihu da zare ido ba, ya kalli John Wood a Blue Heelers. Shirin tashar Seven ne ta Ostireliya, an haska shi daga 1994 zuwa 2006, kashi 510. Ni na hannu na saya a intanet, cikakken saiti, kuma kun san halin kuɗin aikowa, ya kusa kamo kuɗin kayan.

Wood ya fito a Saja Tom Croydon, mai riƙe da caji ofis na wani ɗan ƙaramin gari da aka ƙirƙira a jihar Victoria, Mount Thomas. Na zaci harbe-harbe zan gani irin na 'yan Amurka, sai na tarar da dattijo mai tumbi yana sasanta rigimar manoma da satar dabbobi, yana yi wa yaransa faɗa a ofis, da dare kuma su haɗu a otal ɗin Chris Riley kamar ba a yi ba. Da gani ka san mutumin ya sha wasan daɓe kafin talabijin. A makarantar NIDA ta Sydney ya koyi sana'ar, kuma ya riga ya yi suna da fitowa a alƙali cikin shirin Rafferty's Rules. Idan ƙaramin ɗan sanda ya yi masa ƙarya ba ya ɗaga murya. Sai ya ajiye biro, ya dube shi, ya yi shiru har kai mai kallo ka ji ka tsargu. Wallahi wannan shirun kaɗai ya isa kuɗina.

To amma zango na 11, na 2004, ya tsaya min a rai. Aka tashi bam a ofishin, 'yar sanda Jo Parrish ta mutu, aka kashe matar Tom, Grace, kisan wulaƙanci. Daga nan marubutan suka mayar da shi wani mutum daban, mai ƙunci, mai neman ramuwa, ba ya jin maganar kowa. Na san wanda aka yi wa irin wannan dole ya canza, kuma Wood ya yi abin da aka ba shi da kyau, har tsoro fuskarsa take ba ni a wasu wuraren. Marubutan nake jin haushi. Shekara goma ana gina mutum a matsayin uban gari, sai a rushe shi cikin 'yan makonni don a jawo sababbin 'yan kallo? An canza ofis, an cika shi da sababbin fuskoki, garin da na saba da shi ya ɓace. Shekara biyu bayan haka aka dakatar da shirin, kuma a shekarar ce aka ba Wood kyautar Gold Logie, babbar kyautar talabijin ta Ostireliya, bayan ya daɗe ana sa sunansa wasu na ɗaukewa. Ya cancanta tun kafin nan.

Sai kuma mai sayarwar, Allah ya isa. Ya rubuta cewa faifan duk lafiya lau. Faifai na farko a zango na 7, inda aka harbe 'yar sanda Maggie Doyle, wadda Lisa McCune ta fito a ita, duk ya goge. Daidai wurin da PJ, abokin aikinta kuma masoyinta, ya iso kanta hoton ya ƙame. Na goge shi da ƙyalle, na gwada a wata na'urar, haka dai. Na tura masa saƙo da hoton faifan, ya karanta ya yi gum har yau.

Wanda zai saya ya sa a gwada masa wannan faifan kafin ya tura ko sisi. Idan kuma don Tom Croydon kake kallo, ka tsaya a zango na 10.